Gorar Jimina Ba Ta da Taga

A wani daji, Jimina ta gaji da kallon sama daga ƙasa, sai ta kafa kamfanin harba gora zuwa sama. Birai ke ɗura albarushi, Aku ke shela.

Gora ta farko a ƙasa ta tarwatse, aka buga ganga aka ce an koyi darasi. Ta biyu ta kai tsayin tsamiya ta faɗo kan rumfar zomaye, shi ma darasi ne. Ta uku ta ratsa gajimare, har yau shiru. Ta huɗu kuwa ta je ta dawo ta zauna daram a kan gindinta, dabbobi har da hawaye.

Filin harbin na wata tsohuwar gafiya ne, Tabawa. Kowace gora ta tashi sai raminta ya rufta, ta sake haƙawa da haƙuri, don an yi mata alkawarin ita za a fara ɗauka a cikin gora. Tun shekarar da ambaliyar kogi ta tafi da mijinta, burinta ɗaya ne, ta hango inda kogin nan ya ƙare. Da hantsi takan zauna bakin ruwa tana raya wurin a ranta: farin yashi, inuwar giginya, wani yana shanya jikinsa.

Da lokaci ya yi, majalisar kamfani ta zauna. Babban biri ya ce, "Ranki ya daɗe, taga rauni ce. Ta nan ta uku ta cuce mu, a zatonmu."

Jimina ta miƙe wuya. "Jama'a, tarihi muke kafawa, ba leƙe-leƙe ba. A toshe."

Aka liƙe da danƙo, Tabawa na ciki. Ta ji ƙara, sannan komai ya yi tsit, jikinta ya zama kamar audugar rimi. Ta san kogin na ƙasa, tun daga farkonsa har ƙarshensa. Ta yi ta shafa bangon gora a cikin duhu tana neman ko 'yar huda. Baiwar Allah, birai sun iya aiki.

Gora ta sauka daram. Kafin a fito da ita Aku ya riga ya gama ba da labarin abin da ta gani.

"Iya, faɗa musu da bakinki," in ji Jimina.

"Ban ga komai ba," in ji Tabawa a hankali. "Babu taga."

"Darasi ne," in ji Jimina, aka buga ganga.

Tabawa ta koma bakin kogi, zuciyarta a karye. Gora ta gaba an yi mata taga babba, abin sha'awa. Sai dai saboda nauyin tagar ba a ɗauki kowa ba. Ita ma ta dawo lafiya.