Rijiyata Ta Ci Jarrabawa

Yau da safe na tarar da mata goma sha ɗaya a ƙofar gidana, kowace da bokiti. Na kore su duka. Yanzu wai ni ne marowacin unguwa. To, ku ji yadda aka yi.

Rijiyar nan da hannuna na haƙa ta, gaba goma sha biyu. Shekara arba'in ba ta taɓa ƙafewa ba. Sai aka kafa kamfanin fenti a bayan katangarmu. Kafin shekara uku ruwan ya koma launin shayi, ga wani maiƙo yana yawo a sama. Akuyata ta sansana ta juya baya. Jikata ta yi ƙuraje har wuya. Muka koma sayen ruwan leda. Ban yi boko ba, amma na san ruwa ba ya tsami banza.

Sau tara ina kai kuka. A na goma masu girma suka turo masana: mota huɗu, mutum ashirin, kwalba ɗaya. Fararen riguna, safar hannu, takunkumi, kai ka ce tiyata za a yi wa rijiyar. Babbansu, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi, ya ce sun zo auna haɗarin da ke cikin ƙasa da ruwan ƙarƙashinta. Sai dai tsakar gidan akwai taɓo, takalminsa kuwa sabo ne. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya miƙa wa matata kwalbar, ya ce ta ciko masa. Ni ina waje ina nuna wa direbobi inda za su juya.

Shekaranjiya sakamako ya fito. Wai duk unguwar babu ruwa mai tsabta kamar nawa. Har allo suka kafa mini a jikin bango.

Na tsare matata da tambaya. Ko kunya babu ta ce: "Haba Malam, baƙi da fararen kaya zan ba ruwan da akuya ta ƙi? A ce gidanka ba a san mutunci ba? Na leda na fasa na zuba musu, mai sanyi ma."



Jiya na je ofishin masanan na faɗi gaskiya. Wani mai ɗamarar wuya ya ce ranka ya daɗe, wato babbansu, ya riga ya sa hannu, kuma hannunsa ba ya kuskure. In ina da ƙorafi in jira awo na gaba, nan da shekara biyar.

Yau da na kori matan, maƙwabcina tela ya leƙo yana cewa rijiya ta bayar guga ya hana. Na jawo guga, na cika masa moɗa, na ce bismilla. Ya kalli maiƙon, ya ce shi ba ya jin ƙishirwa, yara zai kai wa.

Nan take na sa wa rijiyar murfi da kwaɗo. Ni na haƙa, ni na rufe. A zage ni, na yarda. Ɗan kowa ba zai sha fenti a gidana ba.

Amma kada a ce masu girma sun zo a banza. Yanzu dai muna da takarda mai hatimi cewa mai sayar mana da ruwan leda mutumin kirki ne.