Daddoyar da Nomau Ya Dafa wa Innarsa

A Unguwar Rimi akwai wani mutum ana ce masa Nomau. Ya yi gemu, ga ƙarfi, amma kansa Allah bai cika shi ba: abin da ka faɗa masa, shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Su biyu suka rage a gida, shi da tsohuwarsa Tabawa, kuma ita kaɗai ce ba ta taɓa kiransa wawa ba.

Wata rana da damina mura da zazzaɓi suka kwantar da Tabawa. Ta ce, "Je bakin rafi ka tsinko mini daddoya, wadda ta fi ƙamshi." Bawan Allah tun hantsi yake durƙushe yana shinshina ganye ɗaya bayan ɗaya. Sai la'asar ya dawo, zuma ta harbe shi a hanci, ga ganye guda tak a hannunsa. "Inna, wannan ya fi duka." Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Wata rana kuma Baba Cindo wanzami ya kawo daddoya dami guda, ya ce, "Ka tafasa ta yi sirace. Rufe tukunyar, kada tururin ya fita." To, Nomau ya rufe, ya ɗora dutse, ya zauna gadi. Tabawa ta lulluɓa da bargo tana jira, shi ko ya hana a buɗe. Har ruwan ya huce ko gumi ba ta yi ba. Ranar ba ta yi dariya ba, ba ƙarfin yi.

Jiki ya yi ta tsananta. Numfashi sama-sama, ko kunu ba ya wucewa. Ta kama hannunsa ta ce, "Nomau, kada ka bar ni ni kaɗai." Can Baba Cindo ya leƙo, ya ga abin ya fi ƙarfin ganye. "Maza ka tafi asibitin Gidan Goje ka kira malamin." Nomau ya tsaya yana kuka, tsakaninsa da Allah bai san maganar wa zai bi ba. Sai ya goya tsohuwar da zani, ya kama hanya. Mutane na cewa, "Kai, wawan nan zai ƙarasa ta."

Malamin asibiti ya duba ta ya ce ciwon ya sauka ƙirji. "Da ni ka zo kira, da ban same ta da rai ba." Aka yi mata allura, aka sa ruwa.

Da ta farfaɗo ta gan shi zaune a ƙasa, ƙafafu duk sun fashe, sai hawaye. Tsoro take ji, ba don kanta ba.

"Ɗana, na warke yanzu. Amma ran da na tafi, wa zai riƙa faɗa maka abin yi?"

Nomau ya ɗago kai ya dube ta.

"Inna, sai ki faɗa mini duka tun yanzu. Ba na mantuwa."