Muryar Malam a Cikin Waya

Mutawakil ne kaɗai ya lura cewa Kaka Memunatu tana jan carbi ba ta ƙirgawa. Idonta na kan wayar da ke kan tabarma. An ɗauke wuta a unguwar Sakasaka tun safe, ga waya tana sabunta kanta, caji saura kashi shida.

"...lafiya lau, amaryata. Wa ya taɓa wayar?" in ji Mutawakil.

"Kai mana, mijin banza! Jiya ka ce in ta tambaya in danna. Ta tambaya, na danna."

"Na ce sai tana jikin caji! Kunnen ne ya tsufa, ko kan?"

"Kan da ya goya ubanka? Faɗa min, in ta mutu yanzu fa?"

Ya duƙa kan wayar. Ya san wayar da ta mutu tana tsakiyar wannan aiki wani lokaci sai an goge komai take tashi. A cikinta kuwa akwai saƙonnin murya na marigayi Malam, kakansa, kuma babu su a ko'ina.

"Ka yi shiru, ɗan baƙin ciki. Kishi kake da Malam. Yana kabari ma ya fi ka iya magana."

"Wane kishi? Tsohon da ya tafi ya bar min ke da haƙori uku?"

"Huɗu ne! Duba cajin, nawa ya rage?"

"Uku."

Ya ɗauki wayar a tafin hannu biyu kamar ƙwai, ya nufi kekensa na haya mai ƙafa uku a ƙofar gida, ya tayar da inji, ya jona ta. Kaka ta biyo shi ba takalmi.

"In ka kashe min shi karo na biyu, na sake ka."

"Mace ke saki yanzu?"

"A gidan nan, e."

Fuskar wayar ta yi baƙi. Carbin ya tsaya. Inji na ta ƙara.

Can ta kawo haske. Mutawakil ya lalubo saƙon, ya danna.

"Memunatu, ina unguwar Kukuo, ki ajiye min kokona, kar yaron nan ya shanye."

Kaka ta yi dariya, ta share ido da gefen mayafi.

"Ka ji ko? Har yau ya san ɓarawonsa. To zo, na yafe. Yau kai za ka sha."

Ta shiga ciki ta ɗauraye kofin Malam, ta zuba masa koko.