Ranar Da Na Kulle Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba, ko tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa, da ranar da aka buɗe sabon gidan yari a Birnin Gwari. Ni gandiroba ne, a tsohon gidan na yi furfura. Duk wanda ya san ginin nan ya san wahala. Katanga ta dare, kwano ya ruɓe, in hadari ya taso daga wajen dajin Kamuku mu da fursunoni tare muke tarar ruwa da bokiti. Don haka ranar da aka fara haƙa harsashin sabon gini a bayan gari, na riga na gama rabon muƙami a zuciyata. Ni ne zan riƙe makullai. To, wa ya fi ni daɗewa?

Sai aka zaɓi Bitrus.

Bitrus ɗan ƙauyen Kazage ne, a bayana ya shigo aiki, ni na koya masa yadda ake sara wa na gaba. Amma shi aka tura Kaduna kwas a kan ƙofofin zamani, ya dawo yana sheƙi da sabon takalmi. Wallahi na ji zafi. Ko dariya ya yi sai in ga kamar da ni yake. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, mutumin kirki ne, na nemi laifinsa na rasa. (Ka san hassada ta fi daɗi in wanda kake yi wa mugu ne.)

Ana gobe buɗewa ya same ni a bakin aiki. "Yaya, zo mu leƙa in nuna maka ƙofofin nan, akwai abin da ya kamata ka sani."

Na dube shi sama da ƙasa. "Ni za ka koya wa ƙofa? Tun kana kiwon awaki nake buɗe ƙofa ina rufewa."

Ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Yaya," ya wuce. Ni kuma na ji daɗi, wai na sa shi a matsayinsa.

Matsalar ita ce na riga na cika baki a gidan surukai. Na gaya wa mahaifin matata, dattijon da ko ido ba na iya haɗawa da shi, cewa sabon gidan a hannuna zai kasance. Ban zaci zai zo ba. Ranar biki sai ga shi ya sauko daga kan babur, ya sha babbar riga ta Sallah da sandarsa, ya tarar da ni ina jera kujerun roba a ƙarƙashin rumfa. Aikin da aka ba ni ke nan. Can gefe kuma ga Bitrus, makullai na lilo a ƙugunsa, masu hoto na bin sa.

Baba ya ce, "Kai ne da kujeru?"

Na ce, "Ai shugabanci ke nan, Baba, sai da ƙanƙan da kai. Bismillah, mu shiga ka gani kafin a cika."

Manyan baƙin Kaduna sun fara jawabi, hankalin kowa na kan rumfa. Mai gadin babbar ƙofa ƙaramin ma'aikaci ne, ya sara mini, muka wuce. An bar ɗakunan fursunoni a buɗe don warin fenti ya fita. Muka shiga na farko. Kai jama'a! Ga famfo a ciki, ga taga mai iska, ga daɓe sumul ba ramin ɓera ko ɗaya. Nan take hassadata ta tashi daga kan Bitrus ta koma kan ɓarayin da ba a ma kamo ba, don ɗakin ya fi wanda nake haya.

To, a tsohon gidan ƙofofinmu duk sun karkace. In ka shiga ka sake ta, sai ta yi lilo ta dawo ta make ka a ƙeya. Saboda haka kowane gandiroba ya saba, da ka shiga sai ka miƙa hannu baya ka jawo ta. Ba ta kulluwa sai an sa kwaɗo daga waje. Ina cikin yi wa Baba bayanin famfo, hannuna ya yi abin da ya saba ba tare da ya shawarce ni ba.

Ƙaras!

Na tura, ko gezau. Na lalubi mariƙi, babu. Ina kurkuku ina mariƙi a ciki? Ashe abin da Bitrus ya so ya gaya mini ke nan, sababbin ƙofofin da kansu suke kulle kansu.

Baba ya ce, "Lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau, Baba, ina gwada ƙarfinta ne."

Na buga, na kira, na yi ihu. Lasifika a waje tana ta zuba kirari, ba mai ji. Waya kuma doka ta sa mun bar ta a bakin ƙofa. Baba ya zauna a gefen gadon ƙarfe, ya tattara rigarsa a cinya, ya kafe ni da ido. Mutumin da a gidansa daga zaure nake durƙusawa in gaishe shi in gudu, yau ga mu a ɗaki ɗaya gwiwa na gugar gwiwa. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Carbi kawai ya ciro.

Can muka ji tafi, an yanke ƙyalle. Sai takun takalma, da muryar Bitrus yana bayani. Ya tsaya daidai ɗakinmu yana cewa, "Ranka ya daɗe, wannan ne ɗaki na farko, ba wanda ya taɓa shiga." Ya ga ƙofa a rufe, ya sa makulli.

Ƙofa ta buɗe a kan gandiroba cikin kaki yana zufa, da dattijo riƙe da carbi. Masu hoto suka hau aikinsu. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma daɓen na zamani ne. Shugabanmu ya zaro ido. Baba ya miƙe a hankali, ya gaida babban baƙo, ya ce, "Ranka ya daɗe, tun da aka haife ni ko ofishin 'yan sanda ban taɓa takawa ba. Yau mijin 'yata ya kawo ni kurkuku da ƙafata."

Wuri ya ɓarke da dariya. Na ce shi ke nan, kaki ya tafi, mata ma sai Allah. Sai Bitrus ya sara ya ce, "Ranka ya daɗe, gwaji ne. Yayanmu ne, ya fi kowa sanin aiki a nan. Tun da shi ya kasa fita, ba wanda zai fita."

Aka yi tafi. Babban baƙo ya dafa kafaɗar Bitrus. Ka ji fa, ko a cetona sai da ya ƙara samun yabo! A lokacin ban san ko in rungume shi ko in shaƙe shi ba. Da yamma dai na je na ce masa na gode, ina kallon takalmina. Ya ce, "Haba Yaya, gobe ka zo in nuna maka sauran." Na zo kuwa, da sassafe.

An mayar da ni sabon gidan, a ƙarƙashin Bitrus nake har yau. Baba kuwa duk kaka sai ya aika masa da zuma, wai "a kai wa yaron nan mai makulli." Ni ko kakin zumar ba na gani. Sun ce hassada ga mai rabo taki ce, to ni na yi dakon takin da kaina har gona.

Abin da na koya shi ne, in na baya gare ka ya ce zo ka gani, ka je ka gani, ka yi hassadarka daga baya. Baba ya ce ya yafe mini. Amma har gobe in ya zo gidana, ba ya shiga ɗaki sai ya tokare ƙofa da sandarsa.