Kwalbar Gwaggo da Ruwan Majema

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na sa dattawan Shagari suka shinshina kwalba ɗaya bayan ɗaya ba. Har yau in na tuna sai in ji kamar in tashi in bar ɗakin, ko da kuwa ni kaɗai ce a ciki.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba lokacin. Na gama sakandare, an ɗauke ni aikin duba-gari, ni kaɗai mace, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro tsabta. Daga Bodinga aka tura ni Shagari saboda ƙarar wani makiyayi, Ardo Buba. Ya ce duk sa'ad da aka yi ruwan sama, ƙazantar majema, inda ake jeme fatu, takan gangaro cikin tafkin da shanunsa ke sha, har maruƙansa biyu sun mutu bara. Roƙonsa ɗaya ne: a sa masu jima su haƙa rami su tare ruwansu.

Ƙa'idar aikin ba wuya. A ɗebi ruwan da ya gangaro cikin kwalbar ofis wadda aka dafa aka toshe, a kai Sakkwato a auna, sannan a yi magana. To, kwalaben suna hannun shugabana, shi kuma motar da za ta kawo shi ba ta iso ba. Ga hadari ya haɗu baƙi ƙirin. Na leƙa hanya ya fi sau goma. Na zauna, na miƙe, na sake leƙawa. Da ɗigon farko ya sauka sai na faɗa ɗakin Gwaggo, wadda na sauka gidanta, na wawuri wata kwalba a bayan ƙyaure, na ɗauraye ta sau ɗaya (sau ɗaya tak, ni mai koya wa mutane tsabta!), na ruga cikin ruwa har bakin majema na cika ta.

Da mai hankali ce da ta jira shugabanta. Ni kuwa washegari da hantsi na riƙo hannun rigar Ardo sai ƙofar mai gari. Na gaida shi da dattawansa a gurguje, na ce ba sai an je Sakkwato ba, hanci ma ya isa shaida. Na cire toshiya na miƙa.

Mai gari ya shinshina, ya ɗaga gira, ya miƙa wa liman. Liman ya miƙa wa na kusa da shi. Ina tsaye ina jiran a ce, “Lalle yarinyar nan ta yi karatu.” Har kwalba ta isa hannun Sarkin Jima, wani tsoho mai jajayen tafukan hannu. Ya daɗe da ita a hanci.

“Ranka shi daɗe,” in ji shi, “mu dai tun kakanni da toka da bagaruwa da kashin tantabara muka aiki. Kananzir kau, ko na fitila bai ishe mu ba, balle mu zuba ma hwata.”

Mai gari ya dube ni. “Ɗiyata, ina kinka samo wagga kwalba?”

“Ta Gwaggo ce, ranka ya daɗe.”

“To, mi Gwaggon taki ka zubawa ciki?”

Sai a lokacin na kai ta hancina. Kananzir ne zalla, har da maiƙonsa yana yawo a sama. Wani dattijo ya ce a dai maida wa baiwar Allah abinta kafin magariba, kada ta kwana cikin duhu. Dariya ta ɓarke, liman ma ya rufe baki da gefen rawani.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ruwan nan da gaske gurɓatacce ne, amma wa zai sake saurarona? Aka watse ba a yi zancen rami ba. Ardo bai zage ni ba (da ya zage ni da na fi samun sauƙi). Cewa kawai ya yi, “Malama, shanuna ba su shiga makaranta ba, amma sukan shinshina ruwa kamin su sa baki.” A makon nan ya kora garkensa wajen Lambara, ya yi daminarsa can.

Tun daga ranar, duk abin da zan tura wa manya a hanci, nawa hancin nake fara ba shi.