Ranar Da Wule Ta Cinye Jawabina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da saniya ta cinye mini jawabi a gaban baƙo ba. Har yau in na haɗu da abokan karatuna a kasuwar Batsari, kafin mu gama gaisawa wani zai tambaye ni, "Ya iyali? Ya Wule?"

A shekarun da kuɗin man fetur ya fara shigowa, gwamnati na ta gina ajujuwa, aka ɗauke ni daga rugarmu kusa da Yasore zuwa makarantar kwana a Safana. Ni na nace sai na je, don ina son karatu fiye da kiwo. Amma ina sauka sai wani abu ya same ni. Tuwo ya ƙi wuce mini wuya, barci ya gudu. In na buɗe littafi sai in yi ta maimaita layi ɗaya. Ranar da mai tallar nono ta wuce bakin makaranta, ƙamshin ƙwaryarta kaɗai ya sa na ɓuya bayan aji ina hawaye.

Malamin asibiti ya duba ni ya ce lafiyata ƙalau. Ban yarda ba. Na ɗauko littafin kiwon lafiya na bi cututtukan ɗaya bayan ɗaya, na yanke wa kaina hukuncin tarin fuka. (Ba na tari, amma na fara gwadawa a hankali don alamun su cika.)

Hedimasta ya kira ni ofis.

"Yaro, kullum ramewa kake, makinka kuma na zubewa. In ba ka farfaɗo ba kafin hutu, gida zan mayar da kai."

Na san in na koma ruga, ni da boko mun rabu ke nan. Sai ya miƙo mini takarda ya ce mai duba makarantu zai zo daga Katsina, ni zan karanta jawabin maraba, tunda ba wanda ya fi ni iya karatu. Na yi ta bitarta har na san inda kowane waƙafi yake.

Ranar ta zo, da hantsi, bayan an gama girbi. Muka jeru a fili cikin fararen kaya, baƙo ya sauko daga mota ya zauna. Na fito da takardata, na fara, "Ranka ya daɗe, muna farin ciki da..."

Sai na ji kukan shanu. Na ɗaga kai, ga garke yana ratsa gonar da ke bayan fili, ana kai shi cin kara. A gaba kuwa ga wata mai farin goshi da karkataccen ƙaho. Wule ce, saniyata, 'yar wadda aka ba ni ran suna. Da hannuna na yi renonta.

Wallahi ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Ni da ba a jin muryata daga bencin baya, sai ga shi na kwarara mata kira irin na ruga, da dukkan ƙarfina.

Ta tsaya cak, ta ɗaga kunnuwa, ta taho a guje. Kuma duk makiyayi ya sani, inda ta gaba ta nufa nan saura ke bi. Layi ya watse. 'Yan aji ɗaya suka haye tagogi, malamin lissafi ya shige bayan motar baƙo. Wule ta iso ta lashi kaina, ta lashi kunnena, sannan ta sa harshe ta naɗe takardar ta tauna. Ni kuwa na rungume wuyanta na fashe da kuka, ina tambayarta da Fulatanci ko Inna na lafiya.

Ashe garkenmu ne, Baffana ke kora shi. Ya iso da sandarsa yana haki.

"Kai, ɗan boko! Dama shanu ake koya maku a nan? Ai da an bar ka gida, mu ma muna da su!"

Fili ya ɗauki dariya. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na ce a raina yau sai Yasore.

Baƙon ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido. Da aka kore shanu ya kira ni, ya tambaye ni yaushe na daina cin abinci. Na ce tun zuwana. Ya juya wurin Hedimasta.

"Malam, yaron nan ba gida yake bukata ba, lokaci yake bukata. Da aka fara tura ni aiki Kudu haka na yi, na rame kamar kara. Ba aljanu ba ne, ba lalaci ba ne. In rayuwa ta sauya wa mutum farat ɗaya, jiki kan iso sabon wuri ya bar zuciya a hanya. A sama masa wanda zai riƙa hira da shi."

Haka aka yi. Aka haɗa ni da wani malami Bafulatani, duk ran kasuwa mu je mu sha fura da nono, in yi surutu da yarenmu har in gaji. Yaran da nake jin kunyarsu suka laƙaba mini Ɗan Wule, kowa na son in koya masa kiran nan, da haka na yi abokai. Kafin hutu ina neman ƙarin tuwo, tarin fukana kuma ya warke ba magani. Hedimasta bai sake zancen gida ba.

Da na girma na karanta cewa likitoci sun san wannan damuwa ta sauyin rayuwa, kuma yawanci tana wucewa in an sami mai saurare. Abin da na koya shi ne, in abu na cin ka, ka faɗa wa mutum tun da wuri. In ka yi shiru kamar ni, wata rana saniya za ka faɗa wa, a gaban duk makaranta.