Kiɗan da Na Ji a Ɗakin Iya

Warin dizil gauraye da ƙamshin busasshiyar masara. Har yau idan iska ta kawo mini shi, ko a tsakiyar kasuwar Funtua nake, sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi. Akwai wata rana da ba na jin zan taɓa mantawa da ita, kuma wannan warin ne ya riƙe mini ita.

Bari in fara gaya muku irin halina, don ku yi mini uzuri tun da wuri. Ni ce yarinyar da ake aika sayen gishiri, ta dawo da labarin yadda rana ta faɗi a bayan gidan gurzar auduga (gishirin kuma sai an sake aiken wani). Da irin wannan zuciyar na faɗa son kiɗan kwamfuta. Kiɗa ne da ba ganga ba kalangu, sau da yawa ma ba mawaƙi. Bugu ne ke maimaita kansa, sauti na hawa kan sauti, ya taru, ya taru, sai ya yi tsit kamar an riƙe numfashi, sannan ya fashe gaba ɗaya. Wannan fashewar ita muke kira saukar kiɗa, kuma ita kowa ke jira.

A gidanmu ba mai son sa. Mama ta ce kamar ana gyaran kwano yake. Shi ya sa da Yaya Nura, ɗan Kawuna Sale, ya saka ni a wani zauren hira na waya inda masoya irin wannan kiɗan ke taruwa, na ji kamar na samu dangi. Akwai 'yan Funtua, 'yan Malumfashi, da ɗalibai daga Zariya. Duk lokacin da sabon kiɗa ya fito, sai a yi ta tafka muhawara. Wannan ya ce bugun ya yi nauyi, wancan ya ce an yi gaggawar sauka, wani ya rantse cewa na bara ya fi.

Ni kuwa ban taɓa cewa uffan ba. Sitikar fure kawai nake turawa. Ina da ra'ayi fal ciki, amma ina tsoron shugaban zauren, wanda ake kira Farfesa. Ban taɓa ganinsa ba, amma a rubuce kaɗai yana iya sa mutum ya ji kunyar mallakar kunne.

Sai aka sanar cewa Gajimare, wani matashi ɗan Malumfashi da duk muke ji da shi, zai saki sabon kiɗa mai suna "Hanyar Jirgi". Farfesa ya rubuta: "Daga wannan karon, duk wanda bai faɗi ra'ayinsa ba zan cire shi. Nan ba gidan kallo ba ne. Musamman masu lambun furanni."

Mai lambun furanni ɗaya ce a zauren.

Ranar da kiɗan ya fito ina Tsiga, wajen kakata Iya. Lokacin kaka ne, an tara masarar Kawu Sale tsibi-tsibi a filin da ke bayan gida. A gidan Iya kuwa sabis ba zaunanne ba ne, baƙo ne. Yakan leƙo ta tagar ɗakinta, ya gaisa, ya wuce. Bayan azahar na shiga ɗakin, na kwanta a gadonta daf da tagar, na cusa iyafis a kunnuwa biyu.

"Ke kuma wace jinya ce wannan, da igiya a kunne?" in ji Iya daga bakin ƙofa.

"Aiki nake, Iya."

"A kwance? To Allah ya ba mu irin aikinku."

Na danna kiɗan, na lumshe ido. Farkonsa ya yi daɗi, ba laifi: wani siririn sauti kamar usur daga nesa, da bugu a hankali. Ya taru, ya taru, sannan ya yi tsit. Na riƙe numfashi ina jiran sauka. Shirun ya yi tsawo. Na ce a raina, kai, yaron nan jarumi ne, ba kowa ke iya barin mai sauraro a cikin shiru haka ba. (Na ci tuwo da rana, ɗakin da sanyi, gadon Iya kuma da laushi. Ba na musun cewa ƙafata ɗaya ta riga ta shiga barci.)

Sai ya fara.

Can ƙasa-ƙasa, kamar daga ƙarƙashin ƙasa: tuf… tuf… tuf. Yana tari, yana tuntuɓe, sannan ya miƙe ya kama gudu. Ban ji shi a kunne kaɗai ba, a ƙirji na ji shi, har ƙarfen gadon yana amsawa. Ban taɓa jin bugu mai rai irin wannan ba. Ba daidai yake cif-cif irin na kwamfuta ba, yana ɗan jinkiri, yana ɗan sauri, kamar zuciyar mai gudu. Na juya kaina a kan matashi, sai sautin ya buɗe gaba ɗaya, kamar an yaye labule. A saman bugun wani abu ya shiga zuba, shaaa, shaaa, kamar ruwan farko a kan rufin kwano. Sannan daga can nesa, muryar wani dattijo, a dushe, tana faɗin kalma ɗaya tak:

"Zuba! Zuba!"

Tsigar jikina ta tashi. Na ga jirgin ƙasa yana barin tashar Funtua, na ga mata suna ɗaga hannu, na ga gonaki suna gudu da baya. Wallahi har hawaye ya gangaro mini cikin kunne. Can sai bugun ya yi wata ƙara, fat, ya mutu nan take. Babu sallama, babu komai.

Na tashi zaune. Iyafis ɗaya na kan matashi, na zare ɗayan. Ban ko duba inda kiɗan ya tsaya ba, na wuce zauren kai tsaye, na ɗora babban yatsana a kan alamar saƙon murya. Tsoron Farfesa duk ya fita daga raina.

"Assalamu alaikum 'yan'uwa," na fara, da muryar da nake karanta waƙa. "Yau mai furanni za ta yi magana."

Na yi magana kuwa. Na ce rabin farko na kiɗan alkawari ne, rabin ƙarshe cikawa. Na yabi dogon shirun. Na ce Gajimare ya koya wa kwamfuta numfashi. Na ce muryar dattijon nan cike take da hikimar shekaru, kuma yana kiranmu ne mu zubar da abin da ke cikin zukatanmu. Na ce, kuma wannan ita ce jimlar da ta fi hana ni sukuni har yau: "Kiɗan ya kai matsayin da har warin man jirgin na shaƙa."

Ina tsakiyar bayanin yadda ƙarshensa ya yi kama da mutuwar farat ɗaya, sai na ji:

Tuf… tuf… tuf.

Na dubi iyafis ɗin. Suna kan cinyata, su biyun. Na dubi tagar. Wata farar ƙura na shigowa ta cikinta, ƙaiƙayin masara na yawo a cikin hasken rana. Bugun ya miƙe, ruwan ya fara zuba, shaaa, sannan daga bayan katanga muryar dattijo mai hikima ta tashi tar:

"Zuba mana, Audu! Bel ɗin injin ya zauna! Ko sai rana ta faɗi a kanmu?"

"Innalillahi," na ce. "Kawu ne."

Yatsana ya zame. Saƙon ya tafi. Sabis ɗin da ya gudu tun a tsakiyar kiɗa, ya bar ni cikin shirun da nake yabo, ya dawo daidai lokacin ya ɗauki saƙona, ya kai, sannan ya sake ɓacewa. Na danna gogewa har yatsana ya gaji. Wayar ta zuba mini ido.

Na zari mayafi na fito a guje. Iya na tsakar gida tana tsince wake.

"Iya, yaushe aka kawo injin casa? Ba gobe aka ce ba?"

"Ya gama da wuri a gonar Malam Idi, suka wuce da shi nan. Ke da kike kwance a jikin katangar ba ki ji ba? Har gidan liman ana ji."

"Na ji, Iya. Matsalar ke nan. Na ji."

Wurin da sabis ke zama a unguwar shi ne gindin wani mangwaro kusa da makarantar firamare. Kafin in isa can, in ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa, aikin gama ya gama. Saƙonni suka yi ta shigowa suna tunkuɗar juna.

A ƙarƙashin saƙona, abu na farko da na gani shi ne layi uku a jere: an goge wannan saƙon, an goge wannan saƙon, an goge wannan saƙon. Na ce lallai zagin ya yi munin da har masu shi suka ji tausayina. Daga nan sai dariya ta ɓarke.

"Jama'a, ni kiɗana bai da rabin nan. A ina ake sauke na 'yan Tsiga?"

"Hajiya, dizil ɗin na cikin kiɗan ne ko daban ake saya?"

"Buhu nawa aka samu zuwa ƙarshen waƙar?"

Na Yaya Nura ne ya ƙarasa ni. Ya rubuta: "Dattijon nan mai hikima dai Babana ne. Zan isar masa da yabo. Tunda muke da shi ba wanda ya taɓa ce masa haka."

Na zauna a kan saiwar mangwaron na rufe fuska da mayafi. Na buɗe wurin fita daga zauren, na rufe. Na sake buɗewa. Na ce bari in jira Farfesa ya kore ni da kansa, ko ba komai in ga irin kalmomin da zai zaɓa. Sai dai Farfesa, mutumin da ba ya barin kuskuren wasali ya wuce, bai ce komai ba.

Da zan koma gida ban bi ta ƙofa ba, na zagaya ta filin. Na yi niyyar in harari injin ne. Ga shi nan kuwa, tsohon ƙarfe mai tsatsa, an tallafe ƙafarsa ɗaya da dutse, yana karkarwa. Maza na juya masa masara ta sama, totuwa na tsalle ta gefe, ƙwaya na kwarara kan tamfol kamar zinariya. Mata na gefe suna shiƙa, ƙwarya na hawa tana sauka. Kuma abin da na lura da shi ya sa na manta da hararar: kowa a filin nan da bugun injin yake motsi. Mai ɗauka, mai juyewa, mai ɗinke buhu, har Kawu da tsawarsa, duk a kan bugu ɗaya suke, ba wanda ya shirya su. Na tsaya a wurin ƙaiƙayi na sauka a girata. Tsigar jikina ta sake tashi, wannan karon ido biyu.

"Ke 'yar Funtua, matsa kar ki shaƙi ƙura!" in ji Kawu Sale.

"Kawu, ka san kana da murya mai daɗi?"

Ya dube ni, ya dubi Audu. "Yarinyar nan rana ta taɓa ta. A ba ta ruwa."

Daga baya na saurari "Hanyar Jirgi" ta gaskiya har ƙarshe. Ta yi kyau, Allah ya sani, saukarta tsaf. Amma (Gajimare ya yafe mini) ba ta kai ta Kawu ba.

Ba a cire ni ba. Aka sa mini suna Hajiya Dizil, kuma na amsa, don na ga gardama ba za ta fisshe ni ba. Abin mamaki, tun daga ranar bakina ya buɗe. Wanda ya riga ya yabi injin casa a bainar jama'a, me ya rage ya ji tsoro? Darasin da na ɗauka dai bai da yawa: kafin in yabi kiɗa yanzu, sai na zare iyafis, na leƙa taga, na tabbatar ba a aiki a maƙwabta. Farfesa kuwa ya zama mai sauƙin kai a gare ni. Ko sau ɗaya bai taɓa kirana da sunan dizil ba. Na daɗe ina gaya wa mutane cewa a ƙarƙashin kaifin bakin nan akwai zuciya mai tausayi.

Sai a bikin Yaya Nura, bayan an sake wata kakar har an ci rabinta, muna zaune ana jiran abinci, zancen ya taso. Na ce masa har yanzu ina son sanin irin zagin da aka goge a ranar.

"Zagi?" Ya kwashe da dariya har hularsa ta karkace. "Ashe ban taɓa nuna miki ba?"

Ya lalubo wani hoto a wayarsa, wanda ya ɗauka kafin a goge saƙonnin, ya miƙo mini. Saƙona dogo ne, kuma mutum uku ba su jira ƙarshensa ba suka amsa. Na farko ya ce shi ma ya yi hawaye a wurin ruwan. Na biyu ya ce muryar dattijon ce ta fi kashe shi. Na uku ya rubuta: "Sai yau aka samu mai kunne a zauren nan. Wannan rabin na ƙarshe tun a jin farko na lura da shi, jira nake in ga wa zai gano."

Sunan da ke saman saƙon, Farfesa.